Ranar da Na Kulle Ɗakin Kafinta

Shafi na 23

Wasu cikinku sun dame ni da saƙo wai na tsananta wa Malama Dobreva a shafin baya. Ban tsananta mata ba, abin da ta yi na rubuta. Yau nawa laifin zai fito, kuma ba zan sassauta wa kaina ba.

Ga inda muka tsaya. Ranar Litinin sufeton makarantu ta lardi za ta zo ta kalli darasin Nevena Staneva, malamar labarin ƙasa, a aji bakwai. Takardar aikin Nevena ta shekara guda ce. Da abin da sufeto ta rubuta shugaban makaranta, Yallaɓai Kunchev, zai sa mata hannu ta zarce, ko ya sallame ta a watan Yuni.

Nevena ce ta kawo mana zaman Alhamis. Mu bakwai ne a ciki, cikin malamai ashirin da uku. Kowannenmu na iya shiga ajin ɗan'uwansa ba sanarwa, ya zauna a baya ya yi shiru. Ranar Alhamis bayan an tashi sai mu haɗu a ɗakin malamai mu faɗa wa juna gaskiya, kuma abin da aka faɗa ba ya hawa bene zuwa ofis. Idan Nevena ta tafi, zaman ya mutu. Duk mun san haka.

Alhamis ɗin nan, gahawa na kan wuta, sai aka turo ƙofa da gwiwar hannu.

Malama Dobreva ce, malamar lissafi, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana rufe ƙofar ajinta. Ba ta taɓa taka zaman nan ba. Ga faranti babba a hannunta, cike da banitsa, gasasshiyar fulawar nan mai falle-falle da cuku a ciki, har yanzu tana tururi.

Rumen, malamin motsa jiki, ya dafe ƙirji.

"Ku riƙe ni. Zazzaɓi nake yi ko Malama Dobreva ce a taron 'yan tawaye?"

"Sauke ƙafarka daga kan kujera, Rumen. Tun kana aji biyar nake faɗa maka."

"Shekarata arba'in da ɗaya fa, Malama."

"Ƙafar ba ta sani ba."

Ya sauke. Ta ajiye farantin, ta zauna daidai gaban Nevena, ta ciro wani tsohon littafi mai shuɗin bango daga jaka.

"Ba taronku na zo ba. Wurinki na zo, 'yata. Ba na son ki rasa aikinki."

"Na gode, Malama."

"Kar ki gode tukuna, saurara. Sufeto goma sha ɗaya na gani a makarantar nan, ba wanda ya fita daga ajina bai yaba ba. Ga yadda ake yi. Ki rubuta tambayoyinki, ki rubuta wanda zai amsa kowace. Gobe Juma'a ki gwada darasin da su sau biyu. Asabar da safe ki sake kiransu, ni zan yi wa iyaye magana."

Nevena ba ta taɓa littafin ba.

"Ranar Litinin, duk tambayar da kika yi, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga na dama. Wanda bai sani ba ya ɗaga na hagu. Ita sufeto ta ga aji duka ya ɗaga hannu, ke kuma kin san wanda za ki kira."

Rumen ya yi dariya da banitsa a baki.

"Shekara uku ina ɗaga na hagu. Har yau kafaɗar nan ta fi ɗayar ƙarfi."

Ba wanda ya taya shi.

Malama Dobreva ta zaro 'yar takarda daga tsakiyar littafin ta tura gaba.

"Sai waɗannan biyar. Su ko hannun ma ba za su iya tunawa ba. Blagoy zai riƙe su a ɗakin kafinta, yana buƙatar masu taya shi aiki ranar Litinin. Ko ba haka ba, Blagoy?"

"Haka ne," na ce.

Bakina ne ya faɗa kafin kaina ya yi tunani, don shekara ashirin da biyu ke nan yana faɗar haka.

Bari in faɗa muku a fili. Ban yi jami'a ba. Daga masana'antar kujeru na zo makarantar nan lokacin da aka rufe ta, abin da na sani na koyarwa da kaina na karanta. Shekarata ta farko shugaban wancan lokaci ya turo min yara shida ranar zuwan sufeto, ya ce in sama musu abin yi. Na ba su samfefa da karyayyar kujera. Badi ma haka. Na riƙa gaya wa kaina kunya nake raba su da ita. Ƙarya ce. Ɓoye su nake yi kamar yadda ake tura datti ƙarƙashin gado in baƙi za su zo, kuma na san hakan tun ranar farko.

Nevena ta ɗauki takardar ta karanta sunayen a hankali. Sannan ta ɗago, ba Dobreva ta kalla ba, ni ta kalla.

"Malam Blagoy, kujerar nan mai ƙafa uku, koriya, tana nan?"

"Tana bayan ƙofa. Me ya kawo maganarta?"

"Sau huɗu na goge ƙafafunta."

Na ajiye kofina.

"Yaushe?"

"Sau biyu a aji biyar, sau biyu a aji shida. Ka ce in riƙa bin jijiyar katako, kar in gitta ta. Ka ba ni rabin tuffa."

Gahawa ta tafaso ta zube a murhu, ba wanda ya tashi.

"Staneva sunan mijina ne," in ji ta. "A nan Neni kuke kirana. 'Yar Penka mai shara a tashar jirgi. Mai in'ina."

Malama Dobreva ta cire tabarau. Ta mayar. Ta sake cirewa.

"Wadda uwarta ta tafi da ita birni..."

"Ita."

Na yi ƙoƙarin tuno fuskar yarinyar. Ban iya ba. Abin da na tuno kawai rigar sanyi ce ja da ta fi ƙarfinta, hannuwan a naɗe. Wannan shi ne gwargwadon kallon da na yi mata.

"Ranar farko murna na yi," in ji Nevena. "Na zaci an zaɓe ni ne. Na ruga gida na ce wa uwata malami ya zaɓe ni in taya shi aiki. Ta saya min cakulan. Karo na biyu ne na tsaya na dubi waɗanda aka zaɓa tare da ni. Daga ranar ban sake buɗe baki a aji ba sai da na kai shekara goma sha biyar."

"Wata shida kina zaune gabana a ɗakin nan," in ji Dobreva. "Me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ki gane ni."

"Ta yaya zan..."

"Ba za ki iya ba, na sani. Ba ki kalle ni ba a lokacin."

Dobreva ta buga tafin hannu a tebur, kofuna suka yi tsalle.

"Kare ki na yi! Kin san sufeton wancan zamani? Da ya tsayar da ke gaban allo kina kakarewa, aji na dariya, yana rubutu. Wannan kike so?"

"Ni kika kare, ko kanki?"

Na zaci za ta ɗauki jaka ta fita. Ba ta fita ba. Ta daɗe tana kallon shuɗin littafin.

"Duka biyun," ta ce.

Sai ta ƙara, a hankali, kamar ba da mu take ba.

"Shekara talatin da ɗaya, ba babban mutumin da ya taɓa ganin darasina wanda ba a gwada ba. Ban san yadda yake a idon wani ba. Wataƙila ba shi da kyau."

"Nawa ba shi da kyau ranar da Rumen ya shigo," in ji Nevena. "Ya faɗa min a wannan teburin. Ban mutu ba."

"Cewa na yi kina magana kamar mai gudun kar jirgi ya tashi ya bar ta," in ji Rumen.

"Kuma gaskiya ce. Na rage."

Ta tura littafin ya koma gaban mai shi.

"Ba zan gwada darasi ba, Malama. Ba zan koya wa yara ƙarya da hannuwansu ba. Kuma su biyar ɗin nan a kujerunsu za su zauna."

"To za ki faɗi. Kunchev ba zai sa hannu ba."

"Yana iya yiwuwa."

"Kina da ɗa, kina da hayar gida. Taurin kai ba ya ɗumama ɗaki."

"Na sani."

A nan na yi magana, kuma ba na neman yabo a kai, don ta makara da shekara ashirin da biyu.

"Ranar Litinin ɗakin kafinta a kulle yake."

Dobreva ta juyo.

"Kai ma, Blagoy?"

"Ni na fi kowa laifi, Malama. Ke kina rubuta sunaye. Ni ke ganin fuskokinsu minti arba'in."

Ta miƙe, ta maida littafin cikin jaka. Farantin ta bar mana. Ta fita.

Zlatka, malamar adabi, ta jawo takardar sunayen tsakiyar tebur.

"To, mun yi jarumta. Yanzu a yi aiki. Wa ya san wani abu game da yaran nan? Ba makinsu ba, su kansu."

Abin kunya ne, amma kaɗan kowannenmu ya sani.

Rumen ya fara. Ya ce Mitko ubansa direban babbar mota ne, yaron ya san kowace gada da ke kan kogin Danube da sunan garin da ke ƙetare, amma sai in ba a ce masa jarrabawa ce ba. Zlatka ta ce tagwayen da ke cikin takardar suna ganewa, karatu ne ke yi musu nauyi, in aka karanta musu tambaya da baki suna amsawa. Malamin tarihi ya ce Asen ba ya ji da kunnen hagu, shi ya sa yake kamar wawa a layin da ke jikin bango. Mu shida muka kalle shi. Shekara biyu ya san wannan, bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Sevda fa?" in ji Nevena. "Ita ce ban samu kanta ba. Wata shida ban ji muryarta ba."

"Ba ta magana in hannunta ba komai," na ce. "Ba ta abin riƙewa. A wurina in ta riƙe ma'auni, har gyara min awo take yi."

Nevena ta rubuta. Ba tambaya da amsa ta rubuta ba. Ta rubuta wanda za ta sauya wa wurin zama, da wanda za ta karanta wa, da wanda za ta ƙyale sai ya shirya. Muka ci banitsar har ta ƙare, don laifin mai ita bai shafi cuku ba.

Litinin da safe, takwas saura kwata, ina tsaye a bakin ɗakin kafinta, kwaɗo a rufe, makulli a aljihun wandona. Sai ga Yallaɓai Kunchev yana saukowa daga bene cikin kwat ɗinsa ta ranakun biki, yara biyar na biye da shi. Su sun riga sun san hanya. Sevda har ta fara naɗe hannun riga.

"Buɗe, Blagoy."

"Ba aiki yau, Yallaɓai."

"Ban ce akwai aiki ba. Cewa na yi buɗe."

"Suna da darasin labarin ƙasa."

Ya matso kusa, ya rage murya don yaran.

"Ka san nawa ne suka yi rajista a aji ɗaya bana? Goma sha huɗu. Rahoto ɗaya mara kyau, iyaye su kwashe 'ya'yansu zuwa makarantar ƙetaren kogi. Kana ganin don kaina nake yi?"

"Ban ce don kanka ba ne."

"To buɗe."

"A'a."

"Kai fa ba ka da takardar jami'a. Ni nake rufa maka wannan kowace shekara."

"Na sani, kuma na gode. Ba zan buɗe ba."

Na dubi yaran ta bayan kafaɗarsa.

"Ku hau ajinku. Malamarku na jira."

Suka tsaya suna kallon juna. Mitko ya ce, "Malam, ai yau sufeto ce."

"Shi ya sa. Ku hau."

Suka hau. Kunchev ya bi su da ido har suka ɓace, fuskarsa ta yi ja har wuya. A daidai lokacin ƙarar mota ta shigo farfajiya. Ya gyara wuyan kwat ya fita tarbar baƙuwa, bai sake kallona ba.

Ni da Rumen da Zlatka ba mu da darasi a awar farko, sai muka hau muka zauna a bayan aji bakwai. Nevena ta rataye taswira, ta sauya wa Asen wuri. Ta goge allo.

Ƙararrawa ta buga. Ƙofa ta buɗe, yara suka miƙe.

Sufeto Paskaleva ce ta fara shigowa, gajeriyar mace mai furfura, da jaka baƙa. Kunchev na bayanta yana murmushi. A bayansa kuma Malama Dobreva, da shuɗin littafinta a ƙirji.



"Ranki ya daɗe, an ɗan samu sauyi," in ji Kunchev. "Muryar Malama Staneva ta dishe tun jiya, mura ce ta kama ta. Za ta je ta huta. Malama Dobreva za ta yi lissafi da su, kin san ta ai."

Nevena ta buɗe baki. Kunchev ya ɗaga mata yatsa ɗaya, murmushin na nan. Ya ɗauki alli daga bakin allo ya miƙa wa Dobreva.

Kowa a ɗakin nan ya san abin da wannan ke nufi. Idan Dobreva ta karɓa, ba rahoto a kan Nevena, mai kyau ko mara kyau. Sai hukuncin Kunchev shi kaɗai a watan Yuni, shi da aka ƙi wa umarni da safen nan.

Dobreva ta kalli allin. Ta kalli Nevena. Wannan karon ta kalle ta sosai, ta daɗe.

"Muryarta lafiya lau, Yallaɓai. Ta gaishe ni a bene ɗazu."

"Malama Dobreva..."

"Kallo na zo yi. An ce a baya ake zama a yi shiru, ko ba haka ƙa'idar take ba? Matsa, Rumen. Sauke ƙafarka."

Ta zo ta zauna tsakanina da shi a kan kujerar yara, gwiwoyinta na taɓa tebur. Na ji numfashinta na fita da sauri kamar wadda ta hau bene goma.

Allin na nan a hannun Kunchev. Nevena ta tako ta zare shi daga yatsunsa.

"Na gode, Yallaɓai."

Ya sunkuya kusa da kunnenta. Ajin ya yi shiru har muka ji daga baya.

"Ke kika zaɓa. Ki tuna da wannan a watan Yuni."

Sufeto Paskaleva ta wuce gaba. Ta zauna a teburin malama, ta buɗe rajista, ta bi sunaye da bakin alƙalami. Sannan ta ɗago ta ƙirga kawuna, ɗaya bayan ɗaya.

"Ashirin da huɗu," ta ce. "A rajista ma ashirin da huɗu. Shekara tara ina zuwa makarantar nan, Yallaɓai Kunchev, ban taɓa samun aji ya cika ba."

Murmushin ya bar fuskarsa.

"Ku zauna, yara. Malama Staneva, za ki yi darasinki, amma tunda yau kowa na nan, ni zan zaɓi mai farawa. Bara na shiga wannan ajin sau biyu. Akwai fuskokin da ban sani ba."

Alƙalamin ya bi layi na farko, ya wuce na biyu, ya tsaya a jikin taga.

"Ke. Ya sunanki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Sunanta Sevda," in ji Nevena.

"Ita na tambaya. Taso ki zo gaban taswira, ki faɗa mana abin da kika sani a kanta."

Dobreva ta damƙe hannuna har faratanta suka shiga fatata.

Sevda ta miƙe, kujerarta ta faɗi ta baya. Wani ya fara dariya ya haɗiye. Ta tako a hankali, kanta a ƙasa, ta tsaya gaban taswirar da ta fi ta tsawo. Nevena ta ɗauko sandar nuni ta sa mata a tafin hannu, ta rufe mata yatsu a kai.

Sufeto ta cire murfin alƙalami.

"Ina sauraro."